Murucin da Ba a Tone Ba

Rufin ɗakina na azara ne, kuma na san itacen da aka tsago ta daga jikinsa. Na san inda ya tsaya, na san tsawon inuwarsa da la'asar, na sha ɗaure jakin mahaifinmu a gindinsa ina yaro. Namijin giginya ne, na kusurwar gabas a gonar gidanmu da ke fadamar bayan Kademi.

Wanda bai tashi cikin giginya ba zai ɗauka duk ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce. Akwai mace, mai manyan 'ya'yan nan masu ruwan ɗorawa da ke faɗowa tim, ƙamshinsu ya cika fadama. Akwai kuma namiji, shi ba abin da yake yi sai wani fure mai kauri kamar jela, ya bushe ya zube. Abin da muka tashi muka tarar shi ne, mace ba a taɓa ta, namiji kuwa na gatari ne. Jikinsa ya fi tauri, azararsa ta fi miƙewa, gara ko kallonta ba ta yi. Duk wanda zai yi soro, ko zai gyara zaure, ko za a ɗaga masallacin unguwa, sai a shiga fadama a duba namiji. Ba wanda ya taɓa ganin aibun haka, don a lokacin duk inda ka waiga akwai su.

Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, ba ta da abin so irin muruci. In an gama shan 'ya'yan giginya, ita ce mai bi ta tattara ƙwallayen. Da farkon damina sai a haƙa mata rami a gefen gona, a jera su a rufe da ƙasa. Bayan wasu watanni, wajen kaka, a tone a sami tsiron nan fari mai kauri, shi ne muruci. Ta dafa cikin babbar tukunya, ta aika gidan wannan ta aika gidan wancan, har abokan aikina na sakatariyar Gaya sun san lokacinsa, sukan fara yi mini fara'a tun kafin a tone. Ba ta barin ƙwallo ko ɗaya a ƙasa. Nakan ce mata, "Ke dai kin ƙarar da jikokin giginya a tukunya." Sai ta ce, "To Malam, in tausayinsu kake ji, ajiye wanda ke hannunka mana." Ban taɓa ajiyewa ba.

Wasa nake yi, amma gaskiya na faɗa ban sani ba. Duk fadamar nan haka kowane gida yake yi. Manyan giginyu na tsaye tun na kakanni, ƙanana kuwa babu, don wanda ya tsira daga tukunya akuya ta same shi, wanda ya tsira daga akuya garma ta tumɓuke shi.

Shekarar da ciwonta ya tsananta, damina ta zo da ƙarfi, tsohon soron ɗakinmu ya fara zuba. Tana kwance muna matsar da gadonta daga wannan lungu zuwa wancan, muna tara kwanuka. Ƙanena, wanda muke noma gandun gidan tare, shi ya kira masu tsaga azara. Suka duba gonar, namiji ɗaya ya rage, na kusurwar gabas. Na ce a sare. Ko yau aka dawo da ni wannan rana, sarewa zan ce a yi, ba zan bar ruwa na ɗiga wa matata a ka ba saboda itace. Aka yi rufi mai kyau, ta kwanta tana kallonsa, ta ce ya yi mata.

Duk da jikin ba daɗi, ba ta manta da ramin shekara ba. Ta sa matan maƙwabta suka tattara mata ƙwallaye, ta ce a binne su dab da kututturen namijin, tunda yanzu wurin ya sami rana. Aka binne. Kafin a yanke gero ta rasu.

Ba a tone ramin ba. Mutane sun manta, ni kuma da na tuna na kasa. Da damina ta sake kewayowa sai ga ganye sun huda ƙasa a cunkushe, kore shar, kamar an dasa albasa. Awaki suka yi bikinsu, rani ya kashe saura. Guda ɗaya ta rage. Na sari ƙayar aduwa na kewaye ta.

Shekaru sun haura goma ke nan. Yara duk sun watse, mazan suna Kano da Kaduna, matan suna ɗakunansu, auta tana makaranta. Na yi ritaya daga ofishin ilimi, gwiwa ta ƙi, garma ta gagare ni, gonar ta koma hannun ƙanena da iyalinsa. Gidan da a da sai na daka tsawa ake jin maganata, yanzu in na yi tari sai in ji shi ya dawo mini daga zaure. Matar ƙanena na aiko mini da abinci, ba na rasa komai, kuma ba zan yi wa kowa ƙarya ba, kaɗaici ya ci ni ƙwarai. Da hantsi nakan ɗauki sandata in taka zuwa fadama, in zauna kan kututturen in duba 'yar giginyar. Har yau ba ta yi gangar jiki ba, ganye ne kawai manya suna fitowa daga ƙasa, don giginya ba ta san sauri ba. Wani lokaci nakan ba ta labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu a gari. In wani ya doso sai in yi kamar ina gyaran shinge.

A cikin waɗannan shekaru manyan matan suka daina haihuwa. Ba rana ɗaya ba. Da fari 'ya'yan suka ragu, sannan suka koma fitowa ƙanana su zube tun suna kore, in ka fasa ba komai a ciki. Shanun Fulani da sukan tsaya su tsotsi waɗanda suka faɗo suka koma wucewa abinsu. Ƙamshin fadama ya tafi. Tsattsewa ce kawai ba ta fasa liƙa sheƙarta a ganyen ba. A majalisa kowa da fassararsa: wani ya ce tsufa ne, wani ya ce ruwan ƙasa ne ya yi nisa, wani ya ce zunubin mutanen zamani ne. Mai wannan magana ta ƙarshe kuwa shi ya fi kowa sayar da azara a garin nan.

Autata ce ta warware mini. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Tana karatu mai zurfi a jami'a a Kano, a kan tsirrai. Da ta zo hutun Sallah na ja ta fadama, ta tsaya ta ɗaga kai tana bin giginyun ɗaya bayan ɗaya da ido.

Ta ce, "Baba, ina mazan?"

Na ce, "Suna saman ɗakunan mutane."

Ta ce, "To ai shi ke nan. Wa zai ba su garin fure? Ƙudan zuma ne da iska ke ɗauko shi daga namiji su kai wa mace. In ba namiji a kusa, ko shekara nawa za ta yi tana fure, a banza."

Ni da na yi shekara da shekaru ina zana fure a allo ina koya wa yara yadda ake barbara, ban taɓa ɗaga kai na haɗa zanen da giginyar bayan gidanmu ba. Kowa a ƙasar nan ya san dabino sai da namiji, har akan hau a ɗaura wa mace furensa. Amma dabino shuka shi ake yi, ana lallaɓa shi. Giginya tarar da ita muka yi, sai muka ɗauka ba ta bukatar kowa.

Muna komowa gida ta ƙara mini da wasu. Ta ce jama'ar itace kamar jama'ar gari ce, ba yawan kawuna ake dubawa ba, a duba akwai yara, akwai matasa, akwai maza da mata. Ta ce fadamarmu gari ne na tsofaffin mata zalla. Ta ce a zamanin da, giwaye ne ke haɗiye 'ya'yan su kai ƙwallon nesa su ajiye, shi ya sa giginya ta bazu. Na ce giwa a Kademi? Ta ce ƙwarai kuwa, kafin a yi Kademin. Na tuna kuma amyar zumar da akan ɗora a kan kukoki muna yara, yanzu tun da feshi ya yawaita a gonaki sai ka yi yini ba ka ji kukan ƙudan zuma ba.

Bayan ta koma sai abin ya hana ni zama. Na riƙa hawa acaɓa ranakun kasuwa ina zaga fadamu ina neman namiji. Wajen Balan na ga kututture da yawa, na ga mata tsaye cirko-cirko. Mutane suna tambayata ko azara nake nema, in na ce a'a, a tsaye nake son ganinsa, sai su dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ritaya ta taɓa wa kai. Sai can Gafasa, a ƙasar Ajingi, na ga guda a bayan wata makabarta, shi ma don ba mai iya kai gatari wurin ne. Na tsaya na daɗe ina kallonsa. Da na gaya wa Uwata a waya ta ce, "Baba, ya yi nisa. Ba ƙudan da zai yi wannan tafiyar."

Daga nan na sa rai a kan 'yar ramin. Ubanta dai na san shi, tunda shi kaɗai ne namijin da ke kusa a shekarar da aka ɗauki cikinta, kuma ga shi a saman kaina. In ta zama namiji, wata rana fadama za ta sake ƙamshi.

Sai ga ƙanena da tasa shawarar. Ya haƙa rijiyar burtsatse zai fara noman rani, albasa da tumatir, kuma kusurwar gabas nan ce hanyar bututu, nan ce kuma inda tarakta za ta juya. Ya same ni a zaure bayan azahar, ya zauna ƙasa-ƙasa kamar yadda ya saba.

Ya ce, "Yaya, maganar 'yar giginyar nan ce. Ta tsaya a tsakiyar aiki."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Duk faɗin gonar nan ba ka ga abin da ya tsone maka ido ba sai ita?"

Ya ce, "Wallahi ba haka ba ne, Yaya. Na san ta wace ce. Ni ma ai na ci murucinta. Amma bakuna nawa ke ci daga gonar nan? In da na san mace ce, sai in karkata bututun in haƙura da kusurwar, ko ba mu ci ba jikoki sa ci. Amma in namiji ne fa? Mu yi ta kewaya shi shekara da shekaru don azara? Yanzu wa ke rufin azara, kowa kwano yake sawa."

Na yi masa bayanin garin fure da ƙudan zuma, har da giwaye. Ya saurara da ladabi har na gama, sannan ya yi murmushi ya ce, "Yaya, giginya ai ba dabino ba ce. Waɗannan tsufa suka yi, kamar ni da kai." Na so in yi masa tsawa irin ta da, sai na dubi hannuwansa duk kanta, na dubi nawa. Shi ke noman, shi ke ciyar da ni. Girman da ya ba ni na zuwa ya tambaya ma, ba dole ba ne.

Giginya kuwa ba a gane mace ko namiji sai ta yi fure, kuma kafin ta yi fure, yaron da aka haifa ranar da ta tsiro ya isa aure. Ba mai jiran wannan. Uwata ce ta ce akwai wata hanya. Aikinta ke nan a makaranta: a ɗauki ɗan guntun ganye, ko saiwa, ko garin magani da aka sayo a kasuwa wanda ba a san na wane itace ba ne, a fitar da abin da suke kira DNA, wato ƙwayar halittar da kowane mai rai ya gada daga iyayensa, a karanta wani yanki nata, sai a san ko wane iri ne. Ta ce a wasu itatuwan akan ga alamar namiji ko mace a ciki tun suna ƙanana. Ƙanena ya ce ya yarda, abin da gwaji ya nuna shi ke nan: mace ta zauna, namiji ya tashi.

Ta zo da almakashi da 'yar leda mai wasu ƙwayoyi masu shanye danshi. Ta zaɓi sabon ganye na tsakiya, ta goge shi, ta yanki ɗan kaɗan, bai kai faɗin tafin jariri ba. Sai da na kau da kai. Tana rufe ledar ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Baba, in ya fito namiji, ba sai na ce gwajin bai yi ba?"

Na ce, "Uwata, ba a yi wa baffanki haka."

Ta ce, "To me kake so ya fito?"

Ni kaina ban sani ba. In namiji ne, abin da fadama ke bukata ke nan, kuma shi za a tumɓuke. In mace ce za ta zauna, ta girma ta shiga layin waɗancan. Watannin da na yi ina jira, ko a sujada na rasa wanne zan roƙa. Sai in ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, alhali a raina na san so nake a bar mini abata kawai.

Kiran farko da ta yi, cewa ta yi an karanta yankin da ke nuna iri, kuma giginya ce tabbas, ba goruba ba. Na ce, "Madalla. Ku gaishe da na'urar, ku ce mata mun gode, da ma muna ta shakka." Ta yi dariya har da tari, irin dariyar uwarta. Ta ce dole ne a fara da wannan, don alamar da za a nema ta bambanta daga iri zuwa iri, kuma wadda suke da ita an samo ta ne daga wata 'yar'uwar giginya ta ƙasashen gabas, sai sun gwada ta a kan manyan da aka riga aka san jinsinsu. Don haka ta sake zuwa ta ɗebi ganyen matanmu, ni kuma na raka ta har Gafasa, muka nemi izini aka sa mai hawa ya yanko mana na namijin makabarta. Tafiyar nan ita ce yini mafi daɗi da na yi a shekarun nan. Muka ci gurasa a tasha, ta yi ta ba ni labarin malamanta, ni kuma ina gyara mata Hausa.

Kira na biyu ya same ni a fadama da hantsi, ina kan kututture. Ƙanena na can gefe yana haɗa bututu.

Ta ce, "Baba, an gama. Alamar ta fito a na Gafasa, ba ta fito a matan ba. A taka ma ba ta fito ba. Mun maimaita. Ba zan rantse ba, amma duk abin da muka gani mace yake nunawa."

Na ce, "To."

Ta ce, "Baba, kana ji na?"

Na ce ina ji. Na yi mata godiya, na sa mata albarka, na kashe wayar. Sannan na ɗaga murya na gaya wa ƙanena.

Wallahi murnar da ya yi ta gaskiya ce. Ya yar da bututun ya taho yana hamdala, ya ce da ma jikinsa ya ba shi, ya ce marigayiya ai hannunta na da albarka. A ranar ya karkatar da hanyar ruwan, ya haƙura da kusurwar da tarakta za ta juya. Ya cire tsohuwar ƙayata da ta ruɓe, ya kafa dirkoki masu ƙarfi ya ja waya. Maƙwabtan gona suka taru suna yi mini barka kamar an yi mini haihuwa. Na dubi manyan matan da ke tsaye a bayansu, ba ko ɗa ɗaya a wuyansu. Na buɗe baki zan sake maganar garin fure, sai na ga in na ci gardamar, na nuna masa macen ma ba za ta haihu ba, to na ba shi dalilin tumɓuke ta da kaina. Na rufe bakina.

Ƙanena ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya raya ta, Allah ya sa jikokinmu su ci murucinta."

Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, da ƙarfi, don kada a ce ban yi murna ba. Na ɗauki sandata na hau hanya ni kaɗai, rana ta take. Da na isa gida ban tsaya a zaure ba, na wuce ɗaki na kwanta rigingine a inda gadonta yake, ina kallon namijin ƙarshe na fadamarmu a jere a saman kaina, ko gara ba ta taɓa shi ba.